Kowane Fayil da Mai Shi

Har yau idan zan ɗora manhaja a kwamfutar wani, sai yatsana ya tsaya a kan maɓallin ƙarshe. Nakan sake duba abu biyu: sunan wa ke kan fayil ɗin, kuma wa aka yarda ya taɓa shi. 'Yan matan da nake aiki da su yanzu sun gane wannan tsayuwar, har sun raɗa mata suna, wai addu'ar Mama. Ba addu'a ba ce. Halin wani tsoho ne na Sabon Gari da ya biyo ni ya zauna a hannuna, kuma ban taɓa neman maganinsa ba.

Lokacin da na san shi, ni mai buga takardu ce a wani shago a Samaru, daura da ƙofar jami'a. Aure ne ya kawo ni Zariya daga kudancin Kaduna. Maigidana yana koyarwa a wata firamare a Basawa, muna da yara biyu. Aikina daga safe zuwa yamma shi ne in karɓi rubutun ɗalibai, wanda wani ko mai shi ba ya iya karantawa, in mayar da shi abin da malami zai yarda ya duba. Kowa da gaggawarsa, kowa gobe zai miƙa aikinsa, kowa Anti ce kaɗai za ta cece shi. Ina son aikin, amma na san ba a nan zan tsufa ba.

Idan kwamfutocin shagon suka yi gardama, sai mai shago ya aika a kira Oga. Haka kowa ke kiransa, har matarsa kafin ta rasu. Iyayensa daga kudu suka zo aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, Hausar Zazzau ce zalla a bakinsa. Sai ransa ya ɓaci ne yake komawa Turancin buroka. Yakan zo a kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun kafin ya kunno kai, da jaka a rataye da hula ta malfa da ta ga duniya. Sauran masu gyara, linzamin kwamfuta suke kamawa su yi ta danne-danne. Shi kuwa sai ya buɗe wani baƙin allo mai fararen haruffa, ya gyara zama, ya shiga rubutu da yatsu biyu. Ni da nake buga takarda da yatsu goma sai abin ya ba ni dariya, kuma na kasa ɗauke ido.

Ran nan na tambaye shi abin da yake rubutawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in da gaske nake yi in zo shagonsa ranar Asabar, in kuma surutu ne in bar shi ya yi aikinsa. Na je. Asabar ɗin ta zama kowace Asabar, daga baya na bar Samaru gaba ɗaya na koma wurinsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, a wani layi da ke bayan kasuwa, tsakanin mai ɗinki da wata mai sayar da garin rogo da manja. Da safe ƙamshin ƙosai ne ke shigowa, da rana hayaƙin janareton maƙwabta. A can ƙurya, a kan wani tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, akwai tsohuwar kwamfutar da muke kira uwa. A cikinta asalin manhajarsa yake. Shi ya rubuta ta da hannunsa, don ƙananan makarantu masu zaman kansu: a shigar da makin yara, ta tara, ta fitar da sakamakon ƙarshen zango. Makarantu a Jushi da Chikaji da Basawa da Samaru duk da ita suke aiki. Abin da shagon ya dogara a kai ke nan, gyaran kwamfuta ƙari ne kawai.

Abu na farko da ya koya mini shi ne yadda ake ajiye fayil a mazauninsa. Ba ya jan fayil ya jefa a folda kamar yadda muka saba. Kowane fayil da layinsa a baƙin allon: ga inda za ka zauna, ga mai kai, ga abin da aka yarda a yi da kai. Umarni ɗaya ke yin duka ukun a lokaci guda, shi ya sa yake ƙaunarsa. Ya ce bai kamata fayil ya zauna babu mai shi ba ko na ƙiftawar ido. Izini uku ne: karantawa, rubutawa, wato canza abin da ke ciki, sai kunnawa. Mutanen ma kashi uku ne: mai fayil, 'yan rukuninsa, sai sauran jama'a. Ya kwatanta mini da gidan hayar da ya girma a ciki, inda mai ɗaki ke da makulli, 'yan gida suna iya leƙowa su gaisa, mai wucewa kuwa iyakarsa zaure.

Da lambobi ake faɗin izinin. Shida-huɗu-huɗu, mai shi ya karanta ya rubuta, kowa ya karanta kawai. Bakwai-biyar-biyar ga fayil ɗin da ake kunnawa. Sai kuma bakwai-bakwai-bakwai, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan ita ce lambar da Oga ya tsana a duniya. Ɗaliban Samaru masu ɗan taɓa kwamfuta suna sonta, domin duk abin da ya ƙi tashi, da an ba shi bakwai uku sai ya tashi. Idan muka je wata makaranta ya tarar wani ya yi haka, sai ya cire hula ya ajiye a kan tebur, sannan buroka ta fara zuba. Nakan fita waje in yi dariyata in dawo.

Ba a jima ba na iya. Na fi shi sauri nesa ba kusa ba, shi ma ya sani. Ya fara tura ni makarantu ni kaɗai da filas na kwamfuta mai ɗauke da manhajar a jaka, in hau motar Samaru daga Kwangila, in ɗora manhajar layi bayan layi kamar yadda ya tsara, in dawo in ba shi labari. Amma a kowane layi, wurin mai fayil, sunansa nake rubutawa. A kowace kwamfuta yana da asusun shiga da sunansa, kuma manhajar tasa ce.

A cikin uwa kuwa ya buɗe mini asusu nawa, ya sa ni a wani rukuni da ni kaɗai ce a cikinsa. Lambar fayilolin shida-huɗu-sifili ce. Shi ya karanta ya rubuta, ni in karanta, sauran duniya ko kallo. Ina iya buɗe manhajar in karanta ta daga farko har ƙarshe, amma ko waƙafi ba na iya canzawa. Da farko na ɗauka na ɗan lokaci ne. Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, yarana suka shiga sakandare, ina nan a mai karatu.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina ganin wuraren da zan gyara da idona, sai dai in faɗa masa, ya zauna da yatsunsa biyu ya yi a yini abin da zan yi kafin shayi ya huce. A gida maigidana ya gaji da jin zancen. Na ce rowa ce irin ta tsofaffi, na ce don ni mace ce, na ce don ni ba 'yarsa ba ce. Maigidana ya ce in tambaye shi mana, ai ba zaki ba ne. Na tambaye shi sau ɗaya, muna cin gyaɗa a bakin shago.

"Oga, yaushe za a ba ni rubutu?"

"Kin gama karantawa?"

Na ce na karanta har na haddace. Ya ce to madalla, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Ban sake tambaya ba, domin ni ma ina da nawa girman kan.

Wani ƙarshen zango, wata makaranta a Jushi ta raba sakamako, sai aka ga an birkita matsayin yara a aji ɗaya. Yarinyar da kowa ya san ita ce ta ɗaya ta koma can ƙasa. Wani gyara ne da Oga ya yi a manhajar ya jawo haka, amma ni na je na ɗora, ni suka sani, ni aka kira. Na isa na tarar da iyaye a bakin ƙofa, mai makarantar kuma ta tare ni a ofis ta wanke ni tas. Ina tsaye ina haɗiye maganganun da ke zuwa mini, sai na ji tarin babur. Ya shigo ya gaishe ta a ladabce, ya buɗe baƙin allo, ya jero fayilolin, ya nuna mata gefen da ake rubuta mai shi.

"Madam, sunan wa kike gani a nan? Nawa ne. To ni za ki yi wa faɗa, ba ita ba."

Daga nan ya fita ƙarƙashin dogon yaro inda iyayen suke, ya cire hula, ya ce kuskurensa ne, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi yarinyar ya gaya mata ita ce ta ɗaya, injinsa ne ya yi ƙarya. Muka zauna muka gyara, aka sake bugawa. A hanyar dawowa ya tsaya wurin wata mai masa ya saya mana. Muna ci ya ce sa suna a kan fayil ba sarauta ba ce, mai sunan shi ake nema ran da abu ya ɓaci. Na gane abin da yake nufi, har na ji kunyar kiransa marowaci. Amma fushina bai tafi ba, sai dai ya canza kama. Ni fa so nake a neme ni ran da abu ya ɓaci. Na gaji da zama wadda ake karewa.

Ban san ainihin lokacin da idonsa ya fara tafiya ba, domin ya iya ɓoyo. Na dai lura haruffan baƙin allon suna ta girma, har layi ɗaya ya zama ba ya shiga faɗin allo. Sai ya fara cewa in karanta masa, ya manta tabarau, alhali tabarau ɗin na kan hancinsa. Sai babur ya daina zuwa shago, wai yana wurin bakanike, ya koma hawan acaɓa. Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska. Na yi kamar ban gani ba, na tura kofin kusa da hannunsa, shi ma ya yi kamar bai ji na tura ba. Haka muka yi ta yi wa juna kara har tsawon damina guda.

Da Kirsimeti babban ɗansa ya zo daga Legas ya kai shi asibiti. Suka ce hawan jinin ido ne, jijiyar ta riga ta lalace, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan ya same ni bayan sujada ya gaya mini zai ɗauke mahaifinsa, ba zai bar shi shi kaɗai a ɗakin haya ba. Gaskiyarsa ce. Ya ƙara da cewa mai gidan da shagon yake ya riga ya samu wani mai sayar da wayoyi da ke so. Da na tambaye shi manhajar fa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai wannan tsohon yayi ne.

Na koma gida ina tunanin kwamfutar nan ta ƙurya. Uwa ta tsufa, ta fara wata ƙara a ciki kamar agogon bango. Kalmar sirrinta tana kan Oga kawai. In ya tafi bai ce komai ba, ran da ta mutu manhajar ta mutu, makarantun su nemi wani, ni kuma shekarun da na yi a wannan ƙuryar su tashi a banza. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kada mutumin nan ya bar Zariya ban san ko ya taɓa yarda da ni ba.

Ya yi ta ja wa ɗan nasa rai. Bayan Ista, in ji shi. Ista ta wuce, ya ce sai an gama zango. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito a gefen layin dogo, yana nan yana zuwa shago kullum, ya zauna a kujerarsa yana sauraron rediyo, ni ina aiki. Sai wata Asabar ya shigo da kwali a hannun ɗan acaɓa. Sabuwar kwamfuta ce. Ya ce yau za mu kwashe kayan uwa mu mayar sabon gida tun tana da sauran numfashi.

An yi sa'a akwai wuta. Da rana hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge a kan kwanon, mai ɗinki ya rufe ƙofarsa, layin ya yi tsit sai ƙarar ruwa. Ya ce in zauna a kujerarsa. Ban taɓa zama a kanta ba. Ya jawo benci ya zauna a gefena, ya sa hannu ya lalubo madannan tsohuwar kwamfutar ya buga kalmar sirrinsa da kansa. Muka buɗe asusu biyu a sabuwar, nasa da nawa, da rukunin nan namu. Sannan ya fara faɗo layukan da ka, ni ina bugawa. Babu fayil ɗin da ya manta. Ya san mazaunin kowanne kamar yadda ya san lungunan Sabon Gari.

Na buga umarnin, na zo wurin mai fayil, yatsuna suka tafi da kansu suka rubuta sunansa kamar kullum. Sunansa dogo ne irin na mutanen kudu, nawa kuwa gajere. Ashe yana sauraron madannan.

"Ya yi tsawo," in ji shi. "Goge."

Na ce ban yi kuskure ba, daidai na rubuta.

"Na ce ki goge. Sa naki."

Na zauna ina kallon allon. Shekaru ina jiran wannan maganar, na sha tsara abin da zan ce in ta zo, har da 'yar baƙar magana da na tanada. Ga ta ta zo, kuma babu abin da na ji sai baƙin ciki. Na goge sunansa harafi bayan harafi, na sa nawa. Haruffan ba su da yawa, amma sai da na sake bugawa. Na tambaye shi lamba, ya ce yadda take, shida-huɗu-sifili. Sai na ce to shi fa, ina zan sa shi.

"Sa ni a inda kika zauna. Ki bar mini karatu."

Mu biyu mun san ko na mayar da kowane harafi girman tafin hannu ba zai gani ba. Na sa shi a rukunin, na cire kaina. Hawaye ne kawai ke sauka a kan zanena, ina godiya ga ruwan da ke dukan kwano don ya rufe mini asiri. Bai rufe ba. Ya ce in ina kuka ne in matsa daga kan madannai, sabuwar kwamfuta ce. Na yi dariya da majina, muka ci gaba. Fayil bayan fayil, yana faɗa ina bugawa, kowanne da sunana, har muka kai na ƙarshe. Ya sa na jero su na karanta masa gefen mai shi da babbar murya daga sama har ƙasa. Da na gama ya gyaɗa kai, ya ce daga yau in abu ya ɓaci kada kowa ya neme shi, ya yi ritaya. Sannan ya aike ni in sayo mana masara gasasshiya, wai aiki ya sa shi yunwa.

Ya tafi kafin lokacin kaka. Na raka su tasha da ɗansa, ya ba ni hular malfar ya ce a can ba a sa irinta. Shagon ya koma na wayoyi, ni kuma na kama wani ɗaki a Samaru, ba nisa da inda na fara buga takardu. An neme ni, kuma ba sau ɗaya ba. Na tsaya a gaban iyaye na ce kuskurena ne, na ji yadda abin yake, ba daɗi, amma ban taɓa fatan komawa baya ba.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci sai wayata ta yi ƙara. Ba ya doguwar gaisuwa. Zai tambayi maigida da yara, ya tambaya ko an yi ruwa a Zariya, ko mai garin rogo tana nan, sannan ya ce yana da izinin karatu, in karanta masa abin da na canza. Sai in buɗe in yi ta karanta masa layi layi, yana tsaki, yana cewa ba haka ya koya mini ba. In na kare kaina sai ya ce to, ai naki ne. Mun yi shekaru muna haka. Wata Lahadi wayar ta yi ƙara, na ɗauka da fayil a buɗe a gabana, sai na ji muryar ɗansa.

Manhajar ta canza sosai tun daga lokacin, da wuya a sami layin da ya rage yadda ya bar shi. Na sauya kwamfuta fiye da sau ɗaya. Duk sanda zan kwashe kaya zuwa sabuwa, nakan buɗe asusu biyu, in sa dogon sunan nan a rukuninsa, in ba fayilolin shida-huɗu-sifili. Kwanan baya ɗaya daga cikin 'yan matan nan tana share tsofaffin asusu, ta ce Mama ga wani nan ba a taɓa shiga da shi ba, ta goge? Na ce ta bar shi, mai shi karatu kawai yake yi.